Sayar da gida a Kano da kama haya a Abuja kafin a sayi na kai: yadda za a bi mataki-mataki

Duk wanda aiki ko kasuwanci ya ɗauke shi daga Kano zuwa Abuja yana cin karo da lissafi mai ɗaci. Gidan da ya gina a Hotoro ko Rijiyar Zaki ko Na'ibawa, da tsakar gidansa da garejinsa, kuɗinsa ba lalle ne su sayi ɗan fulat a Gwarinpa ba. A nan shawarar mutane ke rabuwa. Wasu su ce sayar ka saya nan take, kada kuɗi su kwana a hannu. Wasu su ce zauna haya tukuna ka san gari.

Ni ina bayan masu cewa a yi haya, amma da sharaɗi: a yanka wa hayar wa'adi tun kafin a sallama gidan Kano. Wanda ya sayar da muhallinsa ya shiga haya ba ranar fita, a ƙasar da naira ke rage daraja kowane wata, sau da yawa a ɗan haya yake yin ritaya.

Mataki na farko: lissafin da zai iya hana ka sayarwa

Kafin ka kira dillali, samo lambobi uku na gaskiya, ba na fata ba: nawa za a iya sayen gidanka a yau, nawa ne irin gidan da zai ɗauki iyalinka a unguwar da za ka iya zama a Abuja, kuma nawa ne hayar shekara a wannan unguwa. Ta farko kada ka ɗauke ta daga bakin maƙwabci mai son faranta maka. Nemi ƙwararren mai ƙiyasta darajar kadara mai rajista, ko ka bincika nawa aka sallama gidaje biyu ko uku a layinku kwanan nan. Abin da aka sallama, ba abin da aka yi suna ba.

Ga misali da lambobin da na ƙaga don a gane. A ce an sayi gidanka naira miliyan 80, wanda kake hange a Abuja kuma miliyan 100 ne. A ido, cikon miliyan 20 kake nema. To cire la'adar dillalai da kuɗin lauya, a ce miliyan 4. Cire hayar shekara da tarkacen da ke bin ta, a ce miliyan 7. Cire kuɗin motar kaya da labule da gyaran famfo da makamantansu, miliyan 2. Saura 67. Shekara ta zagayo, zakka ta hau kansu, saura wajen 65. A wannan shekarar kuma gidan Abuja bai tsaya jiranka ba. Idan ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 ya zama miliyan 120. Cikon da ka ɗauka 20 ne ya koma 55, ba a ma zo kan kuɗin takardun sabon gida ba.

Kada ka ce an cika tsoratarwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haye 1,500 a 2024, buhun siminti kuma ya wuce naira 10,000 a wurare da dama a farkon shekarar. Duk wanda ya sayar da gida a farkon 2023 ya ce bari ya jira shekara biyu, ya san abin da ya gani.

Saboda haka idan ba ka ga hanyar da cikon zai fito cikin wata 12 zuwa 18 ba, ko ta albashi, ko ta kasuwa, ko ta lamuni, ko ta wata kadarar da za ka ƙara sayarwa, bar gidanka. Zuba 'yan haya, ka ɗauki abin da suka biya ka ƙara a kan hayar Abuja. Hayar Kano ba za ta biya ta Abuja ba, amma gini yana bin farashin siminti sama, kuɗin da ke asusu ba sa bi. Haka nan ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, wanda bai san ko shekara uku zai yi ko goma ba, bai kamata ya yi gaggawar taɓa gidansa ba.

Mataki na biyu: gyara takardu, gyara zumunci

Gida mai cikakkiyar takarda ya fi tsada kuma ya fi saurin tashi. Tattaro satifiket ɗin mallaka na C of O idan akwai, da takardar cinikin da ka saya da ita, da zanen safiyo, da izinin gini, da rasiɗan kuɗin ƙasa. Je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar Kano, ka tabbatar sunanka ne a fayil kuma ba a bin filin bashi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, don haka miƙa wa wani fili mai C of O sai da amincewarsa. A saba, mai saye ne ke bin wannan, amma duk wani bashi ko saɓanin suna da ke fayil kanka zai dawo, kuma da shi za a karya maka farashi.

Idan gidan na gado ne, ko akwai haƙƙin wani a ciki ko da na ɗaki ɗaya ne, kada a fara ciniki sai an raba a gaban alƙali an rubuta. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya fi bare cancantar sayen kason ɗan'uwansa a kan farashin da aka sallama. Cinikai da yawa sun warware a kotu a kan wannan, bayan mai gida ya riga ya taɓa kuɗin.

Uwargida kuma a zauna da ita tun yanzu, ba ranar da dillalai suka yi sallama da masu duba gida ba. Ita za ta bar maƙwabtanta da 'yan'uwanta ta koma bene hawa na biyu inda ba tsakar gida, ba wurin shanya, ba inda za a hura gawayi.

Mataki na uku: ciniki

Dillali ɗaya ko biyu da aka sani sun isa. Ka baza gida a hannun mutum goma, 'yan kayi-nayi su shiga, kowa ya ɗora nasa, gidan ya yi wata shida yana yawo a WhatsApp da farashi iri huɗu har masu saye su fara zargin akwai matsala. Ku yi maganar la'ada tun farko, kashi nawa ne kuma wa zai biya, a rubuta.

Kafin alƙalami ba biya ba ne. Idan mai saye ya ba da shi, a rubuta ranar da zai cika, da abin da zai faru in bai cika ba. Kada ka miƙa asalin takardu ko makulli sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka a banki, ba saƙon alat a waya ba, don alat na bogi ya zama sana'a. Kada kuma ka yarda a kawo maka kuɗi a buhu: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 sai ta hanyar banki. Lauyanka ya rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, a sanar da mai unguwa. Ka tambayi lauyan batun haraji ma: doka ta daɗe tana ɗauke wa gidan da mutum ke zaune a ciki harajin ribar sayar da kadara, amma da sharuɗɗa, kuma sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta sake fasalin abin.

Wata dabara da mutane ke mantawa: nemi mai saye ya bar ka a gidan wata biyu ko uku bayan biya, ko da za ka rage masa wani abu. Wannan ne zai ba ka damar neman haya a tsanake, yara kuma su ƙarasa zangon karatu.

Mataki na huɗu: ina kuɗin za su zauna?

A nan ake yin asarar da ta fi kowacce, kuma ba ɓarawo ne ke jawo ta ba. Kuɗin gida a asusun yau da kullum kamar ƙanƙara ce a hannu a watan Afrilu. Ba ka jefar ba, amma ka duba ka ga ruwa.

Raba su gida biyu a ranar da suka shigo. Na haya da tashi a asusu ɗaya. Na sayen gida a wani asusun daban wanda ba shi da katin ATM, ba ya kuma cikin manhajar wayarka. Kada ka tara su duka a banki ɗaya. Hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai asusu a bankin kasuwanci a 2024, a watan Yunin shekarar kuma Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Masu ajiyar da ta haura wannan adadi sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin. Zaɓi manyan bankuna biyu ko uku.

Sai batun kare su daga hauhawar farashi. Wanda ba ya ƙyamar kuɗin ruwa yana da takardun baitulmali na gwamnatin tarayya masu wa'adin kwana 91 da 182 da 364, waɗanda suka dace da mai jiran shekara guda. Wanda ke gudun riba yana da ajiyar mudaraba mai wa'adi, wadda banki ke juya kuɗin a raba riba, a bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Sukuk, wato takardar zuba jari marar ruwa da ofishin kula da basussuka na ƙasa ke fitarwa tun 2017, halal ne, amma wa'adinsa shekara 7 ne ko 10. Ana iya sayar da shi a kasuwar hannun jari kafin lokaci, sai dai ba lalle a farashin da ka saya ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai ba ka tabbacin cim ma tashin farashin gida. Rage zafi kawai suke yi.

Dala fa? 'Yan canjin Wapa za su ce maka ita ce mafita, kuma a wasu shekarun sun yi gaskiya. Amma a Fabrairun 2024 ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, a Afrilu ta gangaro kusa da 1,100. Wanda ya saya a sama kuma ranar biyan gida ta riske shi a ƙasa, ya rasa ɗaki guda cikin wata biyu. In za ka yi, yi da wani kaso, ba duka ba.

Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne juya kuɗin gida. Aboki zai zo da kwantenar China, wani da ajiyar masara, wani da manhajar da ke ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ta tafi da dukiyar mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025, kuma cikin waɗanda suka shiga akwai masu hankali da ilimi. Kasuwancin halal ma yana da faɗuwa, kai kuma ba ka da gidan da za ka koma.

Sai dangi. Ranar da aka ji ka sayar da gida, ranar ce za ka san yawan masu aurar da 'ya'ya da masu cikon kuɗin kujerar Makka a zuriyarku. Ware abin da zuciyarka ta yarda ka yi alheri da shi tun farko, ka bayar kyauta ba rance ba, sannan ka ce sauran an ɗaure su a banki. In ka bi shawarar da ke sama, ba ƙarya ka yi ba.

Zakka kuwa, gidan zama ba a yi masa, amma kuɗinsa ana yi musu in sun kai nisabi kuma suka cika shekara a hannunka daga ranar da ka karɓa. Ɗaya bisa arba'in ne. Niyyar sayen wani gida ba ta ɗauke ta. Sa ta a lissafi, ka kuma tuntuɓi malaminka a kan ranar da shekararka ke cika.

Mataki na biyar: kama hayar

Hayar Abuja ta shekara ce a dunƙule, wasu masu gida ma su nemi ta biyu. Kada ka biya biyu, ko da an yi maka ragi, don kana ɗaure kanka ne a gidan da kake shirin bari. A kan kuɗin hayar akwai na ejan, wanda ya saba zama kashi 10 cikin 100, da na lauya, da na ajiya saboda ɓarna, da kuɗin hidima idan rukunin gidaje ne, wato gadi da shara da ruwa da wani lokacin man janareto. Tambayi jimillar kafin ka je duba gida.

Kama gidan da bai kai ƙarfinka ba. Wannan shi ne wurin da girman kai ke cin mutum: ya baro babban gida a Kano, yana jin nauyin a ziyarce shi a ɗaki biyu da falo. Duk miliyan ɗaya da ka ƙara a haya, daga jikin gidanka na gobe ka yanko ta. Kayan da ba za su shiga ba a sayar, ko a bar su wurin 'yan'uwa.

Ka yi hayar a unguwar da kake tunanin saye, ko maƙwabciyarta. Babu amfanin zama a Wuse II shekara guda alhali kuɗinka na Kubwa ne ko Lugbe ko Dawaki ko Karsana.

Karanta yarjejeniya kafin biya. A dokar da ke aiki a Abuja ɗan hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, sai dai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban, kuma idan an rubuta ranar ƙarewa ƙarara, sanarwar kwana bakwai na iya wadatarwa bayan ranar ta wuce. Nemi a sa maka damar ƙara wata uku ko shida bayan shekara ba tare da ka sabunta cikakkiya ba. Biya ta banki a asusun mai gida ko lauyansa bayan ka ga shaidar shi ne mai shi, ka ɗauki hoton kowane ɗaki ranar shiga, ka duba ko mita na da tsohon bashin kamfanin wutar lantarki na AEDC. Adana rasiɗi: sabuwar dokar haraji ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin shigar da ake yanka wa haraji.

Mataki na shida: sa shekarar hayar ta yi maka aiki

Abin da ka saya da kuɗin haya shi ne sanin gari, don haka karɓi kayanka. Bi hanyar Nyanya da Mararraba da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin kafin arahar gidajen can ta ruɗe ka. Gwada hanyar Kubwa da titin filin jirgi da yamma. Ka ga damina guda cikakkiya: akwai rukunan gidaje a Lugbe da Lokogoma da ambaliya ta sha shiga, kuma da rani ba abin da za ka gani sai fenti mai kyau. Je unguwa bayan an ɗauke ruwan sama, dubi gindin katanga, tambayi mai gadi da mai shago da 'yan garuwa. Sun fi ejan faɗin gaskiya. Bincika ko ruwan famfo na dam ɗin Usuma na zuwa ko kowa da burtsatsensa, wane layin wuta ne, ina masallacin Juma'a, ina Islamiyya, nawa ne kuɗin makarantar yara.

Wata uku na farko kallo. Daga na huɗu zuwa na takwas neman gida gadan-gadan. Zuwa wata na tara ya kamata a ce an shiga binciken takardu.

Mataki na bakwai: saye, inda al'adar Kano ba ta aiki

A Kano shaidar mai unguwa da dagaci da dattawan layi tana da nauyi. A Abuja ba ta da shi. Duk ƙasar Babban Birnin Tarayya ta gwamnatin tarayya ce, kuma Ministan Abuja ne kaɗai ke ba da fili. Takardar da sarkin ƙauye ya sa wa hannu, ko tsohuwar takardar ƙaramar hukumar Bwari ko Kuje ko Gwagwalada da ba a daidaita ta da hukuma ba, ba za ta tare maka motar rusau ba. Wanda ya ga zamanin ministancin Malam Nasiru El-Rufa'i daga 2003 zuwa 2007 ba sai an yi masa bayani ba, kuma rusau bai tsaya ba har yau.

Ɗauki lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ba wanda ejan ya kawo ba. Ya yi bincike a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja: sunan wa ke fayil, an jinginar da gidan a banki, an soke takardar, na zama ne ko na kasuwanci, ana bin kuɗin ƙasa? Na ƙarshen nan ba wasa ba ne. A 2025 hukumar Abuja ƙarƙashin minista Nyesom Wike ta sanar da soke takardun filaye sama da 4,000 saboda bashin kuɗin ƙasa na shekaru. Safiyo ya auna ya tabbatar filin da ke takarda shi ne wanda aka nuna maka. A ga izinin gini. Idan gidan a Mararraba ko Masaka yake, jihar Nasarawa ce, binciken a NAGIS, ofishin filayen jihar, za a yi. Suleja da Madalla kuma jihar Neja. Ba laifi ba ne saye a can, amma kada a karɓi kuɗin Abuja a hannunka.

A rukunin gidaje, sau da yawa babbar takarda ɗaya ce da sunan kamfani, kai kuma takardar rabo za a ba ka. Lauya ya binciki kamfanin a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya binciki babbar takardar, ya gaya maka a rubuce wace hanya ce za ta kai ka ga takarda da sunanka. Gidan da ake sayarwa tun yana zane ya fi araha, amma ga mai zaman haya haɗarinsa biyu ne: in aka yi jinkirin shekara, ka biya wata hayar, wataƙila kuma a ce siminti ya tashi ka ƙaro. Gara kangon da aka riga aka rufa wanda za ka ƙarasa da kanka.

Cikon kuɗi: ma'aikacin da ake yanka wa kashi 2.5 na Asusun Gidaje na Ƙasa yana iya neman lamunin bankin gidaje na tarayya, FMBN, a kan ruwa kashi 6 cikin 100 har zuwa shekara 30, amma takardunsa na cin lokaci, don haka a fara tun watannin farko na haya. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda mai asusun fansho ya ciri har kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa don biyan kason farko na lamunin gida, in ya cika sharuɗɗa. Bankunan Musulunci suna da tsarin murabaha, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka da riba ka biya a hankali, da ijara, inda yake ba ka shi haya har ka mallaka. Ware kuma kuɗin rajista da hatimi da amincewar minista da ejan da lauya, don ba sa cikin farashin da aka faɗa maka.

In wa'adi ya cika kuɗi ba su kai ba

Kada ka sabunta cikakkiyar shekara kana cewa Allah zai kawo. Zauna da lissafin farko ka sake shi da farashin yau. In cikon ya ƙaru maimakon ya ragu, sauko: ɗaki uku ya koma biyu, Gwarinpa ta koma Kubwa, Kubwa ta koma Kuje ko Gwagwalada, ko ka sayi fili mai tsabtatacciyar takarda ka fara gini kana cikin haya. In duk ba su yiwu ba, mayar da kuɗin cikin ƙasa ko gini a Kano ko Kaduna inda ƙarfinsu ya kai, ka zuba 'yan haya, ka ci gaba da biyan ta Abuja daga albashi. In kuma ciniki ya faɗa, sanar da mai gidan hayarka a rubuce, ku zagaya gidan tare da hotunan ranar shiga a hannu, ka karɓi kuɗin ajiyarka kafin ka miƙa makulli.